Yadda za ka auna fim ɗin soyayyar da aka hana, ko da an ce ya shiga takarar kyauta

Da zarar an ce fim kaza ya shiga takarar kyauta a waje sai ka ga mutane sun rabu biyu tun ba su kalla ba. Wasu a fada su ce ai tunda Turawa suka yaba magana ta ƙare, wasu kuma su ce tunda Turawa suka yaba to lalle akwai abin da aka cusa na ɓata tarbiyya, balle in labarin na soyayya ne irin wadda iyaye ko addini ko al'ada suka ce a'a. Duka biyun aron baki suka yi. Ga yadda ni nake ganin ya kamata mutum ya zauna ya auna irin wanga fim da kanshi, ɗan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ne ko tela ne a Sabon Gari, don aikin ba digiri yake so ba, natsuwa yake so da ɗan sanin inda ake dubawa.

Fara da binciken takarar ita kanta. Ganyen nan biyu da ake zagaye rubutu da su a jikin fosta ba kullum suke nufin an ci wani abu ba, sau da yawa ma'anarsu kawai an karɓi fim ɗin an haska shi a wani biki, kuma akwai ƙananan bukukuwa da in dai ka biya kuɗin rajista da wuya su maido ka. Ɗauki Oscar ta Amurka, ɓangaren fina-finan ƙasashen waje. Kowace ƙasa fim ɗaya take turawa, a tace a bar 15, a sake tacewa a bar 5, to waɗannan biyar ɗin su ne suka shiga takara da gaske, a cikinsu ɗaya zai ci. Nijar ta fara turawa a 2018 da fim ɗin Rahmatou Keïta mai suna Zin'naariyâ, abin alfahari ne ƙwarai, amma turawa aka yi, bai kai cikin biyar ɗin ba. Najeriya ma ta tura na Hausa, The Milkmaid a 2020 da Mai Martaba a 2024, su ma a nan suka tsaya, wanda ta tura a 2019 kuwa cire shi ma aka yi don Turanci ya yi yawa a ciki. Kenan in wani ya turo maka a WhatsApp cewa fim ya je Oscar, tambaye shi, a wane mataki?

Sannan a wane ɓangare? Kyaututtuka irin su AMAA ta fina-finan Afirka da aka fara a 2005 suna da ɓangarori da yawa, akwai na fim gaba ɗaya, akwai na jarumi, na jaruma, na sauti, na sutura. Fim zai iya shiga takarar sutura alhali labarinshi bai taka kara ya karya ba. Wasu kuma kamar AMVCA, ta tashar talabijin ta Africa Magic, akwai ɓangarorin da ƴan kallo ne ke jefa ƙuri'a, wanda ya fi magoya baya a Instagram shi ke da nasara, wannan farin jini aka auna ba aiki ba.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce FESPACO ta Wagadugu, wato gasar fina-finan Afirka a Burkina Faso, tun 1969 ake yin ta, yanzu duk bayan shekara biyu. Kuma abin da samarinmu da yawa ba su sani ba, ranar da aka fara ba da babbar kyautarta a 1972 ɗan Nijar ne ya ɗauka, marigayi Oumarou Ganda, da fim ɗinshi Le Wazzou polygame. Labarin me? Alhaji ne ya dawo daga Makka ya sa ido kan yarinyar da aka riga aka yi ma wani saurayi alkawarinta, yana so ya yi ta uku da ita. Ka ga kenan wannan magana ta so da hani da sanin ya kamata ba baƙuwa ba ce a fim ɗin ƙasar ga, ba Indiya ta koya mana ba. Har yanzu akwai kyauta da sunanshi a FESPACO, ta wanda ya yi dogon fim ɗinshi na farko.

To ka san matsayin takarar, yanzu aje ta gefe ka manta da ita.

Maganar kallo. Dan Allah kada ka yi alƙalanci da guntun da aka yanko a TikTok, ko kwafin da aka tura maka ta Xender wanda an datse farko an datse ƙarshe sauti yana gaba hoto yana baya. Nemi cikakke, duba tsawon mintocinshi ka gwada da abin da masu fim ɗin suka sanar. Cika waya da caji tun kuran na nan, sa abin kunne, ka kalla kai ɗaya a zama ɗaya. Kallon fada da shayi yana da daɗi amma ba a alƙalanci a cikinshi, kafin jaruma ta buɗe baki wani ya riga ya ce wallahi ƴar iska ce, wani na amsa waya, wani na tambayar sukari. Kallo na farko saki jikinka, in kuka ya zo ka yi abinka ba mai ganinka. Bari a kwana. Kallo na biyu shi ne na aiki, da bik da kaye a hannu, kana tsayarwa kana komawa baya.

Tambayar da za ka fara rubutawa: wa ya hana? Nan mutane da yawa ke haɗa abubuwa wuri ɗaya, har su masu rubuta fim ɗin. Akwai abin da Allah ya hana, an lissafo shi a Suratun Nisa'i aya ta 23 da wadda ke biye, wato dangantakar jini, da ta shayarwa, da surukuta, da haɗa ya da ƙanwa a lokaci ɗaya, da matar da ke da aure a kanta. Akwai mai idda, akwai wadda aka yi ma saki uku, akwai nema cikin nema da hadisi ya hana. Wannan kashi ɗaya. Kashi na biyu abin da al'ada ta hana addini bai hana ba, a ce ba a ba ɗan mahauta, ba a ba ɗan maƙera ko wanzamai ko maroƙa, ko a tono asalin kakan kakan mutum a ce bawa ne. Na uku girman kai ne da kuɗi, uba na da shaguna a babbar kasuwa yaro kuma ɗan kabu-kabu ne. Akwai ma na huɗu da ya shigo a zamanin nan, gwajin jini, in su biyun duk AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila a jini, to kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, ba wanda ya hana su sai takardar likita da tausayin ɗan da ba a haifa ba tukuna.

Me ya sa rarrabewar ke da amfani? Don kowane hani da irin nauyin da yake ɗora ma labari. In hanin na al'ada ne, fim na da damar ya tsaya ma masoyan, har malamin unguwa a cikin fim ɗin zai iya mara musu baya. In na shari'a ne, labarin ya koma na yaƙi da zuciya, ba na yaƙi da iyaye ba. Fim ɗin da ya ɗauko son zuciyar uba ya lulluɓe shi da rigar addini ba tare da ya san ya yi hakan ba, ko ya ɗauko haramun ƙarara ya nuna kamar tsohuwar al'ada ce kawai ta ƙauyawa, marubucinshi bai yi bincike ba, rage mashi maki tun nan. Kuma lura ko ya san inda malamai suka yi saɓani. Misali auren dole, a Malikiyya uba na da ikon aurar da ɗiyarshi budurwa, amma ga hadisin da ya ce a nemi izininta, ga kuma na Khansa'u ɗiyar Khizam da Annabi (SAW) ya warware auren da ubanta ya yi mata ba ta so. Fim mai hankali zai bari ka ji duka biyun a bakin mutanen da suka yarda da abin da suke faɗi.

Yanzu ga inda ni nake ba rabin ƙarfina, tsaka mai wuyar. Shin da gaske ce ko ta bogi ce?

Bari mu ƙirƙiri labari don a gane. A ce maraya ne, wani Alhaji ɗan kasuwar aya da gujiya ya ɗauke shi tun yana ƙarami, ya sa shi lakwal, ya biya mashi har jami'a, ya damƙa mashi makullin sito. Alhaji na da ɗa na cikinshi, sun tashi ɗaki ɗaya da marayan nan suna ce ma juna yaya da ƙane. An kai kuɗin ɗan Alhaji gidan wata yarinya a Zariya, har an sa rana, sai ga shi ita yarinyar da marayan zukatansu sun haɗu, ba su shirya ba. Ubanta kuma Alhaji na bin shi bashin da ya fi ƙarfinshi. To in yaron ya yi magana ya zama butulu, ya raba gidan da ya rufa mashi asiri. In ya yi shiru zai riƙa gaida ta a matsayin matar yaya har abada, ita kuma ta shiga ɗakin wanda ba ta so, shi ma yayan an zalunce shi bai sani ba. Gaba kura baya sayaki. Wannan ita ce tsaka mai wuya ta gaske, duk hanyar da aka bi akwai mutumin kirki da zai ji ciwo.

Yadda ake gwadawa: tsayar da fim ɗin daidai inda jarumi zai yanke shawara, rubuta abin da zai rasa in ya bi dama, da abin da zai rasa in ya bi hagu. In ɗaya gefen ya fito fanko to ba wata tsaka mai wuya, wa'azi ne aka yi ma kwalliya ko kuma tallar soyayya. Gwaji na biyu, ka iya tsayawa a fada ka kare kowane ɓangare na minti biyar ba ka ji kunya ba? In ka iya, marubucin ya yi aiki.

Sai ka sa ido ka ga ko zai gudu. Wallahi nan ne mafi yawan fina-finanmu ke faɗuwa, marubuci ya ƙulla ƙulli mai kyau sai ya ji tsoron kwance shi da hannu ya ɗauko almakashi. Ana saura kwana uku biki sai ɗan Alhaji ya yi hatsari a hanyar Dan Issa ya mutu, shi kenan an huta, ba wanda ya zaɓi komai. Ko kwatsam a gano ashe ɗan ƙwaya ne mai dukan mata, alhali awa ɗaya da rabi ana nuna mana shi salihi, don dai kada mu tausaya mashi. Ko wata tsohuwa ta faɗo daga ƙauye ta ce ai ita ta shayar da maraya da yarinyar, a Malikiyya kuwa ko tsotso ɗaya ne cikin shekarun shayarwa ya haramta, magana ta mutu. Ko a ce asiri ne boka ya yi, a karya, kowa ya dawo hayyacinshi. Mafi muni a ce mafarki ne. Ba wai mutuwa ko shayarwa ba sa faruwa a rayuwa ba, suna faruwa, amma a kallo na biyu koma baya ka duba, an shuka alamar abin tun farko? An taɓa nuna uwar yarinyar ta yi ciwo bayan haihuwa an kai jaririya maƙwabta? In an shuka, gwaninta ce, kai ne ba ka lura ba. In ba a shuka ba, gudu ne. Fim ɗin da ya cancanci kyauta shi ne wanda ya tilasta ma jarumi ya zaɓa da bakinshi, sannan ya zauna da mu mu ga abin da zaɓin ya ci mashi.

Kuma ba dole ƙarshen ya yi maka daɗi ba. Kada ka rage maki don ba su yi aure ba, kada ka ƙara don sun yi. Abin tambaya, mutanen nan da aka nuna mana halinsu tun farko, haka za su yi?

Daga nan duba wanda ya hana ɗin, yawanci uba ne ko kawu ko miji. Ni da shi nake gane darakta. In an mayar da shi bos, kullum ido jajur yana daka tsawa yana cewa ko bayan raina, to an sauƙaƙa ma kai aiki. Iyayen da muka sani a Bagalam da Mokoyo ba haka suke hana aure ba. Uba zai yi shiru ne, ya daina cin tuwon gidan, ya ce ma uwar ɗiya ke kika san ta, ya fita masallaci tun kafin kiran salla. Yana da dalilinshi, ya ba da baki a gaban mutane, yana tsoron a ce dattijo ya yi magana biyu, ko ya taɓa ganin yadda irin wanga aure ya ƙare da ƙanwarshi. In fim ya sa ka ji haushin uban kuma ka ji tausayinshi a fitowa ɗaya, ba shi makinshi cikakke. Haka ita yarinyar, tana da wani abu a rayuwarta ban da kuka? Tana da sana'a, tana da ƙawa, tana da laifinta ita ma? Jarumar da aikinta kawai hawaye daga farko har ƙarshe ba mutum ba ce, kayan ado ce. Sannan me ya sa ma suke son juna? In amsar ita ce sun yi karo a bakin famfo littafi ya faɗi, da sauran aiki.

Wasan ƴan wasa kuma ga dabara mai sauƙi, zaɓi fitowa mai zafi ka kashe sauti gaba ɗaya ka kalla. Ka gane abin da ke faruwa daga fuska da hannu da yadda aka zauna? Kalli wanda ba ya magana, shi ake ma faɗa, yana saurare ne ko jira yake a zo layinshi? Ihu ba shi ne iya wasa ba, kuka ma kowa na iya sa mantaleta a ido. Abin wuya shi ne mutum ya ɓoye abu kai kuma mai kallo ka gani, kamar marayan nan yana rabon katin bikin da ke kashe shi yana murmushi.

In fim ɗin na Kano ne ka tuna da ƙa'idar da suke aiki a ƙarƙashinta, hukumar tace fina-finai ta jihar tana nan tun 2001, namiji da mace ba sa taɓa juna. Wasu na ganin takura ce, ni kuwa ina ganin jarrabawa ce mai kyau ga darakta, don dole ya nuna so da kallo, da shiru, da tazarar tabarma, da kwanon abincin da aka aiko ba a ce daga wa ba. Wanda ya kasa sai ya fake da waƙa. To waƙar ma auna ta, cire ta a ranka ka gani, labarin ya rasa wani abu? In bai rasa ba ciko ce, an sa ta ne don a yanka a saka YouTube. Haka kiɗan nan na tausayi da ake sakowa tun kafin a faɗi mugun labari, umarni ne ake ba ka cewa yi kuka yanzu. Darakta mai yarda da aikinshi yakan bar wurin shiru, ka ji kukan akuya da ƙarar injin niƙa daga nesa.

Akwai ɓangaren da kai ɗan Maradi ka fi alƙalan Faransa da Amurka iko a kanshi nesa ba kusa ba, harshe da kunya. Su rubutun da ke ƙasan hoto suke karantawa, ba su jin Hausa. Ba za su san an sa ma tsohuwar Tibiri Hausar Kano ta cikin birni a baki ba, ba za su ji lokacin da zancen ya zama Turanci ko Faransanci da aka juya ba. Kai za ka ji. Ɗiya ta tsaya ƙiƙam ta kalli idon ubanta ta ce Baba ina son shi kuma shi zan aura, a wane gida? Ta gwaggo ake bi, ko ta kaka da ake wasa da ita, ita ce za ta je ta ce ma ɗanta kai Malam, yarinyar ga fa ba ta cin abinci. Mata ta kira mijinta da sunanshi gatsau gaban surukai, uwa ta kama sunan ɗan fari, saurayi ya shiga har tsakar gida ba sallama ba ɗan aike. In fim ya karya irin wannan da gangan don ya nuna abin ya kai intaha, kuma mutanen cikin fim ɗin suka girgiza kamar yadda za mu girgiza, daidai ne, ƙarfi ne ma. In kuwa an yi an wuce ba wanda ya ɗaga gira, masu fim ɗin ba su san gidan da suke ba da labarinshi ba. Duba sutura da ɗaki ma, talaka mai bashi amma shaddarshi sabuwa fil kullum, yarinya ta tashi daga barci da jan baki da gashin ido.

Ka kuma tambayi kanka wa aka yi ma fim ɗin. Akwai irin wanda da ka gani ka san idon alƙalan waje aka nufa, a nuno rairayi da raƙumi da yarinya mai hawaye da mugun malami, duk mazan garin azzalumai, sai wata ƙungiya ta zo da farar mota ta yi ceto. Auren wuri da na dole matsala ce ta gaske a yankinmu, ba mai musu, kuma ya kamata a yi fim a kai. Amma wanda ya san mu zai nuna har da inna da ke kuka a ɗaki bayan ta gama lallashin ɗiyar ta haƙura, da liman ɗin da ya ƙi ɗaura auren.

Hoto da sauti ba sai na ja ba. Ana jin magana ba sai an ƙure murya ba? Dare ya yi kama da dare? Kyamara na matsowa fuska lokacin da ya dace ko tana can nesa? An bar mu mintoci muna kallon mota na fita daga get? Jirgin nan maras matuƙi da ake ɗauko saman gari da shi kowa na iya haya, ba gwaninta ba ce.

Saura maganar tarbiyya, wadda ita ce ke tada jijiyar wuya. Nuna abu daban, tallata shi daban. Ba ina haɗa littafin Allah da fim ba, Allah ya tsare, amma mu da muka tashi da Suratu Yusuf mun san ana ba da labarin jarrabawar zuciya cikin tsafta, matar Azizu ta kulle ƙofofi, Annabi Yusuf ya ce kurkuku ya fi soyuwa gare shi, kuma ya shiga kurkukun shekaru, tsare kai bai zo mashi a kyauta ba. To tambayi fim ɗin, ya nuna abin da saɓo ke ci, har ga waɗanda ba su ji ba su gani ba, ƴaƴa da uwargida da iyaye? Ya nuna abin da haƙuri ma ke ci, ko ya yi kamar biyayya ba ta da zafi? Kyamara na kallon jaruma a matsayin mutum ko jikinta take bi? Fim zai iya ƙarewa da wa'azin minti biyar alhali awa biyu ya yi yana kwaɗaita maka abin da yake cewa kada a yi. Wani kuma ba aya ko ɗaya a ciki amma ka tashi jikinka ya yi sanyi. Kuma ka raba hukunci biyu, fim ya yi kyau a matsayin aiki abu ɗaya ne, zan kalla da yara ko gaban surukata wani abu ne, kowanne faɗe shi daban.

In kana son maki yi irin na lakwal, bisa 20. Ni nakan ba labari da tsaka mai wuya da yadda aka warware 8, mutanen ciki da wasansu 5, harshe da al'ada 4, hoto da sauti da kiɗa 3. Kai kana iya canza rabon, amma ka tsaida shi kafin ka kalla, ba bayan jarumar da kake so ta fito ba. Kowane maki rubuta dalili da minti, misali a minti na 47 uban ya yi kaza, don in gardama ta tashi kana da abin nunawa. Wanda ya samu 10 ya wuce da ƙyar, 14 ya yi ƙoƙari, daga 16 zuwa sama shi ne za ka ce takarar ta dace da shi. In akwai hali kalli ko ɗaya daga cikin waɗanda suke takara tare, don kyauta gwaji ce tsakanin fina-finan shekara ɗaya, mai 13 na iya ci in sauran 11 gare su, mai 17 na iya faɗuwa in ya haɗu da mai 18.

Da za ka rubuta ra'ayinka a Facebook ko guruf, kada ka tona ƙarshe sai ka yi gargaɗi a sama. Soki aikin, bar rayuwar ƴar wasa da aurenta da shigarta ta waje, ba ita ta rubuta labarin ba, wanda ya fito a mugun uba ma aiki aka ba shi. Kawo fitowa ɗaya da ta yi, ɗaya da ba ta yi ba, faɗi makinka, faɗi wanda ya dace ya kalla. Kafin ka danna tura kuma, in kai namiji ne nemi mace ɗaya da ta kalla, yayarka ko gwaggonka, ka ce Gwaggo ke ya kika ga uwar yarinyar nan, in ke mace ce tambayi kawu ko yaya yadda ya ga uban. Sau da yawa a nan maki biyu ke ƙaruwa ko su ragu.